Banila: Furen kurmi mai tsada da abin da nomansa ke nema kafin a zuba masa kuɗi

A unguwar Hammadu Kafi da ke cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, akwai wani ƙamshi da ya zama alamar ƙaratowar Sallah ko biki. Yakan taso ne daga gidajen da mata ke gasa kek da suyar cincin, da gidajen burodi, da shagunan masu yogot da askirim. Tushensa 'yar ƙaramar kwalba ce da aka rubuta wa sunan banila, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ɗigo kaɗan daga cikinta ya ishi kwano guda na fulawa.

Sunan da ke jikin kwalbar na wani tsiro ne na kurmi, ɗan gidan furannin da ake kira okid, wanda 'ya'yansa ke biye wa za'afaran a tsada cikin kayan ƙamshin abinci na duniya. Sai dai ruwan da ke cikin mafi yawan irin waɗannan kwalabe bai taɓa haɗa hanya da tsiron ba. Sanin wannan tazara yana da amfani ga ma'aikacin da ya kusa ritaya, wanda wani ya yi wa tallan gonar banila da alƙawarin riba a dala. Yana kuma da amfani ga mataimakin da aka ɗora wa rubuta takardar shawara kan amfanin gonar da Najeriya za ta riƙa fitarwa waje. Dukansu biyu za su ji farashin banila kafin su ji halinta, alhali halin nata ne ke yanke hukunci.

Tsiron da ba ya son rana, ba ya son duhu

Gidan okid na daga cikin gidajen tsirrai masu fure mafi girma a duniya, da nau'o'i kimanin 28,000. Kusan dukkansu don ado ake kiwon su. Banila ce kaɗai a cikinsu ta zama amfanin gona na abinci da ake hadahadarsa a manyan kasuwannin duniya. Nau'in da aka fi nomawa shi ne wanda masana ke kira Vanilla planifolia, kuma asalinsa dazuzzukan kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya.

Banila yaɗo take yi. Kararta kore ce mai kauri kamar yatsa, ganyenta mai tsoka ne mai sheƙi, kuma a kowace gaɓa takan fitar da 'yar saiwa da take maƙale wa bawon itace da ita. A daji tana iya hawa sama da mita goma tana neman haske. Wanda ya gan ta nannaɗe da bishiya zai iya ɗaukar ta kamar kauci, amma ba halinsu ɗaya ba. Kauci yana huda reshe ya tsotse ruwan bishiyar da ya hau, ita kuwa banila jingina kawai take yi. Abincinta tana samun sa ne daga ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a gindin bishiya, inda saiwoyinta na ƙasa ke shimfiɗe a sama-sama, ba sa nutsawa can ciki.

Wannan tsarin jiki shi ya tsara mata buƙatunta. Tana son inuwa rabi da rabi: rana kai tsaye tana ƙone ganyenta, inuwa mai duhu kuma tana hana ta fure. Tana son ɗumi tsakanin digiri 21 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyas, da iska mai laima kusan duk shekara, da ruwan sama na milimita 1,500 zuwa 3,000. Tare da haka tana buƙatar ɗan rani na kimanin wata biyu, domin wannan 'yar ƙishirwa ce ke tunzura ta ta yi fure. Ga shi kuma ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi, don nan da nan saiwar ke ruɓewa.

Mutanen Totonak na yankin Papantla, a jihar Veracruz ta Meziko, su ne aka fi dangantawa da fara amfani da ita. Daga wurinsu ta isa fadar Aztek, inda ake ƙamsasa abin shan koko da ita. Bayan da Sifaniyawa suka ci ƙasar a 1521, sai suka kai ta Turai, suka raɗa mata suna da harshensu mai ma'anar ɗan ƙaramin kwanso. Daga nan sunan ya bazu.

Yaron da ya warware matsalar shekara ɗari uku

Turawa sun kai reshen banila lambunansu da tsibiran da suka mallaka. Tana kamawa, tana yaɗo, har ta yi fure, amma ba ta 'ya'ya. Haka aka yi ta fama kusan shekara ɗari uku, Meziko na riƙe da kasuwar ita kaɗai.

Sirrin yana cikin furen. Fure ne mai launin rawaya da ya sirka da kore, yana fitowa a tsumagiya mai ɗauke da furanni kusan ashirin, suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane fure yini guda kawai yake yi: ya buɗe da sassafe, kafin la'asar ya yanƙwane. A cikinsa akwai ɓangaren namiji mai ɗauke da garin fure da ɓangaren mace, amma wata 'yar fata ta shiga tsakaninsu kamar labule. In ba a ɗaga labulen an haɗa su a wannan safiya ba, furen ya faɗi a banza. A dazuzzukan Meziko wasu nau'o'in ƙudan zuma ne ke wannan aiki, kuma ko a can furanni kaɗan ƙwarai ke dacewa.

A 1836 wani masanin tsirrai na birnin Liège a Beljiyam, Charles Morren, ya yi nasarar haɗa furen da hannu a ɗakin renon tsirrai, amma hanyarsa ba ta yaɗu zuwa gonaki ba. Wanda ya kawo hanyar da ta karɓu shi ne Edmond Albius, yaro ɗan shekara 12, bawa a wata gona da ke Sainte-Suzanne a tsibirin Reunion cikin Tekun Indiya. A 1841 ya nuna yadda ake sa ɗan siririn tsinke a ɗaga labulen, sannan a matse ɓangarorin biyu da babban yatsa. Aikin daƙiƙa kaɗan ne. Cikin 'yan shekaru hanyar ta game tsibirin, daga baya ta tsallaka Madagaska da tsibiran Komoro. Albius ya sami 'yanci a 1848, lokacin da Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulki, ya kuma rasu a 1880 cikin talauci. Har yau da hanyarsa ake aiki a kowace gonar banila, kuma a waɗannan tsibirai aurar da fure suke kiran aikin. Manoman dabino na Dutse da Agadas, waɗanda suka saba ɗaukar furen namijin dabino su kai wa mace, ba za su ga baƙon abu a nan ba, sai dai shi dabino yana ba da kwanaki, ita banila sa'o'i take bayarwa.

Shekara uku kafin fure, wata tara kafin girbi

Ba a shuka banila da iri. 'Ya'yan cikin kwansonta ƙanana ne kamar ƙura, ba sa tsirowa sai da taimakon wani nau'in naman gwari da ke cikin ƙasar kurmi. Don haka reshe ake yanka, mai tsawon kusan mita guda, a kwantar da gindinsa a cikin ruɓaɓɓen ganye, a ɗaure kansa a jikin bishiyar da za ta zame masa majingina. A Madagaska da Reunion ɗaya daga cikin bishiyoyin da ake dasawa don wannan aiki ita ce bini-da-zugu, wadda ake shinge da ita a ƙauyukan ƙasar Hausa.

Manomi ba ya barin yaɗon ya haye sama yadda ya ga dama, domin furen da hannu bai kai gare shi ba asara ne. Da ya kai kamar tsayin mutum sai a lanƙwaso shi ƙasa, a rufe wani sashe da ganye ya yi sabuwar saiwa, ya sake hawa. Ana rage rassan bishiyar majingina gwargwadon yanayi don daidaita inuwa. Haka za a yi ta yi har kimanin shekara uku kafin a ga furen farko.

Lokacin fure shi ne lokacin da gona ke cin mutane. Kullum da asuba sai an zagaya kowane yaɗo an nemi furen da ya buɗe a ranar, tsawon wata biyu ko fiye. Ƙwararren ma'aikaci na iya aurar da fure dubu a safiya guda. Amma kuma ba duka ake aurarwa ba, domin yaɗon da aka ɗora wa 'ya'ya fiye da ƙarfinsa yakan raunana, cuta ta same shi. Babbar cutar ita ce ruɓewar saiwa da kara da wani naman gwari mai suna Fusarium ke haddasawa. Tun da kusan duk banilar da ake nomawa a duniya daga yankan reshe ta fito, jininta ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama saura. Manoman citta na Kudancin Kaduna, waɗanda cutar naman gwari ta cinye wa gonaki a daminar 2023, sun san irin wannan rashi.

Bayan an aurar da fure, kwanson yakan ɗauki wata takwas zuwa tara kafin ya nuna. Dogo ne siriri kamar kwanson wake, tsawonsa santimita 15 zuwa 20. Abin mamaki, ɗanyen kwanso ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Ƙamshin yana ɗaure ne a cikinsa tare da sukari, sai an bi wasu matakai kafin ya kwance. Da farko a tsoma shi a ruwan zafi na kimanin digiri 60 zuwa 65 na 'yan mintuna, don a tsayar da rayuwarsa. Sai a naɗe shi a bargo a rufe a akwati ya yi gumi, ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa. Daga nan a riƙa shanya shi a rana na 'yan sa'o'i kullum ana mayar da shi bargo, sannan a ƙarasa busar da shi a inuwa, a ƙarshe a adana shi a akwati na watanni har ƙamshin ya zauna. Duka aikin na cin kusan wata shida, kuma kilo biyar zuwa shida na ɗanye ne ke ba da kilo guda na busasshe. Kuskure a kowane mataki, ko ya yi fumfuna ko ya bushe ƙarau, yana mayar da wahalar shekara ta zama kayan da ba mai saye.

Kasuwar da ke hawa da sauka

Madagaska ce ke fitar da mafi yawan banilar da ake saye a duniya, musamman daga yankin SAVA na arewa maso gabashin ƙasar, wanda ya samo sunansa daga garuruwan Sambava da Antalaha da Vohemar da Andapa. Indunusiya da Yuganda da Papua New Guinea na biye da ita. Da yake kasuwar ta rataya a wuyan yanki guda, guguwa ɗaya na iya girgiza ta. A watan Maris na 2017 guguwar Enawo ta afka wa yankin, farashin kilo guda ya kai kusan dala 600, har ya zarce na azurfa.

Wannan adadi shi ne masu tallan gonar banila suka fi son ambatawa. Abin da ya biyo baya ba su cika faɗa ba. Tsadar ta jawo sata, har manoma suka koma kwana a gona da adda, suna huda alamar sunansu a jikin kowane ɗanyen kwanso da allura. An yi asarar rayuka a rikicin ɓarayi da masu gona. Tsoron sata ya sa da yawa suka riƙa girbe kwanson tun bai nuna ba, inganci ya faɗi. Manyan kamfanonin abinci suka koma ga ƙamshin masana'anta. Su kuma waɗanda tsadar ta ruɗa suka dasa sabbin gonaki a ƙasashe da dama, duk amfaninsu ya iso kasuwa lokaci guda bayan shekara uku zuwa huɗu. Gwamnatin Madagaska ta yi ƙoƙarin tare faɗuwar da ƙayyade dala 250 a matsayin mafi ƙarancin farashin fitarwa, masu saye suka ja baya, kaya suka taru a rumbuna, a 2023 ta janye dokar, farashi ya rikito. Ba wannan ne karo na farko ba: an ga irin wannan hawa da faɗuwa bayan guguwar Hudah ta shekarar 2000.

Yuganda ta ɗauki darasi daga matsalar girbin wuri. A can Ma'aikatar Noma ce ke sanar da ranar da aka halatta fara girbin banila a kowace kaka, don kare sunan kayan ƙasar a idon masu saye. Wannan na nuna cewa banila ba ta tsayawa da ƙoƙarin manomi shi kaɗai, sai da hukumar da ke sa ido.

Abin da ke cikin kwalba

Dalilin da ya sa ƙamshin ke da araha a Hammadu Kafi duk da wannan tsada yana komawa ne ga 1874. A shekarar ne wasu Jamusawa biyu masana sinadarai, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa banilin, wato sinadarin da ke ɗauke da mafi yawan ƙamshin banila, daga ruwan bawon wani itace. A yau ana yin mafi yawansa daga sinadaran da ake samu a man fetur, wani kuma daga ragowar itacen da masana'antun takarda suka sarrafa. Sinadarin iri ɗaya ne da na cikin kwanso, kuma hukumomin abinci sun amince da shi. Bambancin shi ne busasshen kwanso na ɗauke da wasu ɗaruruwan sinadaran ƙamshi ban da banilin, su ne ke ba shi zurfin da masu dafa abinci na manyan otal ke biya domin sa.

Ma'anar wannan ga mai lissafin kasuwa a fili take. Mai kek ta Gombe ko mai askirim na Wuse ba su ne masu sayen banilar gona ba, kuma da wuya su zama. Duk wanda ya noma ta a Najeriya, masu saye na Turai da Amurka zai nema, su kuwa suna auna laima da yawan banilin da tsawon kwanso, suna kuma son sanin gonar da kaya suka fito.

Lissafin ruwa da iska a Gombe

Ruwan saman da Gombe ke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Sauran watannin rani ne. Da hunturu iska kan bushe har leɓe ya tsage, da bazara kuma zafi kan doshi digiri 40. Ranin wata biyu da banila ke so ya zama na wata shida ko bakwai. Ban ruwa daga madatsar Dadin Kowa na iya jiƙa ƙasa, kamar yadda yake rayar da shinkafa da kayan lambu a gefen kogin Gongola, amma ba ya jiƙa iska, ita kuwa banila rabin rayuwarta a iska take. Ana iya renon ta a rumfar raga mai feshin ruwa, kamar yadda ake gwadawa a wasu ƙasashe, sai dai wannan na buƙatar ruwa da wutar lantarki da ba sa yankewa, kuma kuɗinsu zai hau kan kowane kilo kafin ya je gogayya da kayan manomin Sambava wanda sama ke shayar masa kyauta.

In ana neman inda yanayin Najeriya ya kusanci abin da tsiron ke so, sai a dubi kurmin kudu, kamar Kuros Riba da Edo da Ondo, wato yankunan koko. Dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ma suna da nasu 'yan uwan banila na daji, irin su Vanilla africana da Vanilla imperialis, waɗanda ba a noma su don kasuwa, amma masu bincike na duba irinsu don neman jinin da ke jure cuta. Gwajin da ya dace kuwa aikin cibiyoyi ne. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, kayan ƙamshi da furannin ado na cikin aikin da aka ɗora mata, Gombe kuma na da Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa. Rumfa guda ta gwaji a irin waɗannan wurare za ta amsa tambayoyin da bai kamata a amsa su da kuɗin sallamar ma'aikaci ba. Shigo da reshe daga waje ma yana da ƙa'ida: sai da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, kuma duk gidan okid na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke fuskantar barazana. Ita kanta Vanilla planifolia, duk da yawanta a gonaki, tana cikin jerin tsirran da ke fuskantar ɓacewa a dajinta na asali.

Mai sha'awar okid don ado a gari irin Gombe yana da zaɓin da ya fi dacewa da ƙasarsa. Akwai Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa, wadda ke zama a kan bishiyoyi a sassan Afirka masu dogon rani, tana ajiye ruwa a kararta mai kauri. An sa mata sunan John Ansell, wanda ya tsinko ta a tsibirin Fernando Po yayin tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841, shekarar da Albius ya ɗaga labulen furen banila. Ita ma daga masu renon tsirrai ya kamata a same ta, domin ɓamɓaro ta daga daji na cikin abin da ke rage ta.

Darasin goro

Ba yau Bahaushe ya fara cin arzikin tsiron kurmi ba. Goro ba ya yi a Kano ko Katsina, amma fataken Hausawa sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, suna ɗauko goron dazuzzukan Asante. Ba su ɓata ƙarfinsu wajen dasa shi a ƙasar da ba ta karɓe shi ba. Gwanintarsu tana wajen zaɓe da naɗi a ganye da yayyafa ruwa da sanin kasuwa. Ita ma banila, kaso mai yawa na darajarta yana samuwa ne bayan girbi, a hannun mai busarwa da mai tantancewa da mai fitarwa. A ɗaya gefen kuma, ƙasar Arewa na da abin da kurmi ba ya iya bayarwa: riɗi da ƙaro da zoɓo. Babbar mai sayen zoɓon Najeriya ma ita ce Meziko, mahaifar banila.

Saboda haka duk takardar da ta iso tebur da batun noman banila, akwai tambayoyin da ya kamata ta amsa tun a shafin farko. A wace ƙaramar hukuma gonar take, kuma milimita nawa na ruwa take samu? Daga ina reshen zai fito, wa ya tabbatar ba shi da cuta? Su wa za su aurar da furen kowace asuba, wa ya koya musu? Wa zai busar, wa ya yi alƙawarin saye, kuma da farashin wace shekara aka yi lissafin riba? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun banila kuwa dogo ne. Reshen da aka dasa a daminar bana zai yi shekara uku kafin fure, wata tara kafin girbi, wata shida kafin ya bushe. Kilo na farko ba zai hau sikeli ba sai bayan shekara huɗu da 'yan watanni, wato bayan wa'adin gwamnatin da ta ƙaddamar da shirin ya cika.